Yadda Ake Bin Salsalar Dangi a Ƙasar Ailan

Yawancin masu neman asalinsu a Ailan da sunan dangi suke farawa, kuma tun daga nan aikin yake lalacewa. Mutum ya ji a gida cewa kakan kakansa Patrick Murphy ne, daga gundumar Cork ya fito lokacin babbar yunwar Ailan, sai ya buɗe shafin bincike ya rubuta sunan. Patrick Murphy ɗari-ɗari za su zubo masa, kusan duk Katolika, kusan duk manoma, da yawansu sunan uwarsu Mary. Murphy ne sunan dangin da ya fi yawa a ƙasar, Kelly da Sullivan da Walsh na biye da shi. Zaɓe a cikin wannan tari allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka, bincike kuwa ba ya tafiya da rabo.

Wuri ne ke buɗe takardun Ailan. Rajistar coci, littattafan haraji, ƙidaya da rajistar haihuwa duk bisa wuri aka tsara su, kuma sanin gunduma kaɗai ba ya isa. Sai ka san ƙauyen, ko aƙalla farish ɗin, wato yankin coci. Tsarin aikin ke nan: ka fara daga kanka ka riƙa komawa baya tsara bayan tsara, ka tatse takardun ƙasar da mutumin ya yi ƙaura zuwa cikinta har su ba ka sunan wuri, sannan ka tsallaka teku.

Aikin farko ba a Ailan yake ba

Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin miliyan ɗaya, fiye da miliyan kuma suka bar ƙasar, ƙaurar ta ci gaba har cikin ƙarni na 20. Babu wanda ya riƙa rubuta sunayen masu fita a tsare kafin 1890. Wanda ya haye zuwa Liverpool ko Glasgow ma ba a rubuta shi ba sam, domin a lokacin ƙasa ɗaya ce. Don haka shaidar inda mutum ya fito tana can inda ya sauka.

Ka fara da tsofaffin gida. Ka tambaye su sunayen 'yan'uwan mutumin, sunan gidan uban matarsa, addininsa, da duk wani sunan wuri da suka taɓa ji, ko da a karkace yake a bakinsu. Ka rubuta shi yadda suka faɗa, kada ka gyara. Bayan wasiƙu, bayan hotuna da katin tunawa da mamaci duk a duba.

A Amurka, takardar zama ɗan ƙasa da aka yi bayan watan Satumba na 1906 tana ba da garin haihuwa, ta kafin nan galibi sunan ƙasa kawai take faɗa. Jerin fasinjojin jirgin ruwa daga 1907 yana ɗauke da suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da mutum ya baro a gida, wanda sau da yawa uba ne ko uwa tare da sunan ƙauye. Ga na zamanin yunwa akwai hanyoyi biyu da suka yi suna. Jaridar Boston Pilot ta riƙa buga cigiyar dangin da suka ɓace daga 1831 zuwa 1921, masu cigiyar kuma sukan faɗi farish. Emigrant Savings Bank na New York, wanda aka buɗe a 1850, yakan tambayi mai ajiya ƙauyensu, sunayen iyayensa da jirgin da ya kawo shi, domin a gane shi ran da ya zo karɓar kuɗi.

Ostareliya da Sikotilan sun fi sauƙi. Takardar mutuwa a Victoria daga 1853 da New South Wales daga 1856 tana neman wurin haihuwa da sunayen iyaye. A Sikotilan takardar mutuwa tana ba da sunan uba da na uwa tun 1855, takardar haihuwa kuma daga 1861 tana faɗin rana da wurin da iyaye suka yi aure, wanda zai iya zama farish a Donegal. Ingila ce mai rowa: ƙidayarta ta ƙarni na 19 yawanci sunan ƙasa take rubutawa ta yi shiru, sai ta 1911 ce ta nemi gunduma da gari.

In takardun kakanka sun ƙi magana, ka koma kan ƙannensa da yayyensa. 'Yan Ailan a jere suke ƙaura, wanda ya riga zuwa ya aiko da kuɗin jirgi ga na baya. Ƙanwar da ta iso a 1909 takardarta za ta faɗi abin da ta yayanta na 1880 ba ta faɗa ba. Dutsen kabari ma a je a gani da ido ko a nemi hotonsa, don da yawa sun sa an sassaƙa sunan farish ɗinsu a jiki.

Yadda aka yanka ƙasar

Tsibirin yana da larduna 4 da gundumomi 32. Tun rabuwar 1921 zuwa 1922, shida daga ciki, wato Antrim, Armagh, Down, Fermanagh, Derry da Tyrone, suna Ailan ta Arewa ƙarƙashin Birtaniya, kuma takardunsu da yawa suna Belfast a ma'adanar PRONI. Na sauran 26 suna Dublin.

Ƙaramin yanki mafi muhimmanci shi ne wanda suke kira townland, mu ce taunlan. Sun haura 60,000, wani gonaki kaɗan ne, wani dubban eka na tsauni, kuma shi ne adireshin mutumin karkara. Sama da shi akwai farish iri biyu da ke rikita sabon shiga. Farish na hukuma, su kimanin 2,500, da su aka tsara littattafan haraji. Farish na Katolika kuwa iyakarsa daban, sau da yawa sunansa ma daban, kuma yakan haɗiye na hukuma biyu ko uku. Sai kuma yankunan kula da matalauta da dokar 1838 ta kafa, kowanne da gidan gajiyayyu a wani garin kasuwa. A kansu aka ɗora gundumomin rajistar haihuwa, kuma ba ruwansu da iyakar gunduma: mutumin kudancin Kilkenny kana iya samun haihuwarsa a rajistar Waterford.

Da ka sami sunan wuri, ka shigar da shi a townlands.ie ko logainm.ie, ka rubuta taunlan, farish na hukuma, farish na Katolika da gundumar rajista a takarda ɗaya. Sunayen daga harshen Ailan suka fito, magatakarda suka rubuta su da Turanci yadda kunnensu ya ji, saboda haka ka gwada rubutu iri-iri. Suna ɗaya kuma yakan maimaitu a gundumomi da dama, kamar Ballybeg ko Kilmore. Wasu wuraren an sauya musu suna a wajen lokacin samun 'yancin kai: King's County ita ce Offaly, Queen's County ita ce Laois, Queenstown da jiragen Amurka ke tashi daga cikinta ita ce Cobh. Wannan tashar ce ta sa iyalai da yawa suke cewa daga Cork suke, alhali nan kakansu ya hau jirgi kawai.

Abin da wuta ta ci

Za ka ji ana cewa takardun Ailan duk sun ƙone. Akwai gaskiya a ciki, amma an zuzuta. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, ma'adanar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dublin ta tashi da wuta. Abin da ya salwanta: kusan dukan ƙidayar 1821, 1831, 1841 da 1851, mafi yawan wasiyyoyi na asali, da rajistar fiye da rabin farish-farish na cocin Angilikan ta Ailan, wadda ita ce cocin gwamnati har 1871, shi ya sa aka tattara littattafanta a can. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 ba wuta ce ta ci su ba, gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin nan.

Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati ba ta cikin ginin. Rajistar Katolika da ta Firesbiteriya suna hannun cocinsu. Ƙidayar 1901 da 1911, littattafan kimanta ƙasa da ofishin rajistar cinikin filaye duk sun tsira. Ga zuriyar talaka Bakatolike, asarar da ta fi ciwo ita ce ƙidayoyin nan huɗu na farko.

Rajistar gwamnati

An fara rubuta auren waɗanda ba Katolika ba a watan Afrilu na 1845, sannan haihuwa, mutuwa da auren kowa daga Janairu 1864. Shafin gwamnati na irishgenealogy.ie yana nuna hoton rajistar kyauta: haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50. Har zuwa 1921 ya ƙunshi tsibirin duka. Bayan nan, na gundumomin Arewa sai a GRONI, ofishin rajista na Ailan ta Arewa, kuma can ana biya.

Da aure ya kamata ka fara in ya faru a Ailan, domin yana ba da sunan uban ango da na amarya, sana'arsu, da inda kowannensu yake zaune. Sunan uwa dai babu. A gurbin shekaru sau da yawa kalmar full kawai za ka gani, wato ya kai 21. Shaidu biyun nan kada ka tsallake su, galibi ƙani ne ko ƙanwa ko ɗan baffa.

Takardar haihuwa tana ba da rana da taunlan, sunan uba da sana'arsa, sunan uwa tare da sunan gidan ubanta, da wanda ya kai rahoto. Wannan na ƙarshe wani lokaci ungozoma ce, wani lokaci kaka. Akwai abin da ke ba mutane mamaki a nan: za ka sami yaro an yi masa baftisma ranar 3 ga Fabrairu, rajistar gwamnati kuma ta ce an haife shi 20 ga Maris. Ba yara biyu ba ne. Doka ta sa tara ga wanda ya makara kai rahoto, ofishin kuma yana da nisa, sai uba ya matso da ranar haihuwar gaba don ya tsira da kuɗinsa. Katolika kuwa cikin 'yan kwanaki suke yi wa jariri baftisma. In ranakun biyu suka saɓa, ta coci ce ta fi kusa da gaskiya. A shekarun farko ma wasu haihuwar ba a kai su rajista ba ko kaɗan, musamman a yamma.

Takardar mutuwa ita ce mafi ƙarancin amfani. Ba ta faɗin iyaye, shekarun da ke ciki kuma ƙiyasin wanda ya kai rahoto ne. Amfaninta biyu: dangantakar mai rahoton da mamaci, da tsohon da ya rasu a 1870 yana da shekara 80, wanda ya ba ka tsarar da aka haifa tun wajen 1790.

Kada ka amince da shekarar haihuwar da mutum ya faɗa a Amurka ko Ostareliya. Mutanen karkara na wancan zamani da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba. Ka buɗe bincikenka shekara biyar gaba, biyar baya.

Ƙidayar 1901 da 1911

Duka biyun suna shafin National Archives of Ireland kyauta, da hoton takardar da maigida ya cike da hannunsa, ko ya sa alamar kuros in bai iya rubutu ba. Ko da kakanka ya bar ƙasar tun 1880, ka duba taunlan ɗin: iyayensa ko ɗan'uwan da ya gaji gonar suna iya kasancewa a nan. Ta 1911 ta ƙara tambayar matar aure shekara nawa da aurenta, 'ya'ya nawa ta haifa da rai, nawa suka rage. In ta ce tara, kai kuma shida ka sani, saura uku ke nan da za ka nema.

Mutane da yawa a takardar iyali suke tsayawa. Ka buɗe fom B1 ma, wanda ya jera gidajen taunlan ɗin duka: bangon dutse ne ko na laka, rufin fale-falen dutse ne ko jinka, ɗaki nawa, taga nawa a gaba, da sunan mai filin da gidan yake kai. Maƙwabtan da ke jerin sau da yawa su ne surukai.

Za ka ga tsohuwar da ke da shekara 58 a 1901 ta zama 74 a 1911. Fansho ne ya jawo. Dokar 1908 ta ba wanda ya kai 70 sule biyar a mako, masu wannan shekaru kuma an haife su kafin a fara rajista, sai shekaru suka yi ta tsalle. Wannan doka ta bar wani abin amfani: domin tabbatar da shekarun mai nema, an riƙa duba ƙidayar 1841 da 1851 kafin su ƙone, kuma fom ɗin binciken suna nan a shafin, ɗauke da sunan iyaye da taunlan. Guntayen ƙidayar 1821 ma sun tsira a sassan Cavan, Fermanagh, Galway, Meath da Offaly, na 1831 a Derry, na 1851 a sassan Antrim.

In ka nemi mutum ka rasa, dalili uku ne suka fi yawa. Mai kwafe sunan ya karanta shi ba daidai ba, sai ka bi ta taunlan gida-gida. Ko maigida ya cike fom ɗin da harshen Ailan, Murphy ya koma Ó Murchadha. Ko mutumin yana asibiti, kurkuku ko bariki, inda harufan farko na suna kawai aka rubuta. Ba a yi ƙidaya a 1921 ba saboda yaƙin neman 'yanci. Ta 1926 ta gundumomi 26 an ɗaure ta da dokar shekara ɗari, wa'adin buɗe ta Afrilun 2026. Ta Arewa ta wannan shekara ba ta tsira ba.

Rajistar coci

Kafin 1864 coci ce kaɗai ta rubuta haihuwar talaka. Ɗakin karatu na ƙasa ya sa hotunan rajistar farish-farish na Katolika sama da dubu a registers.nli.ie tun 2015, kyauta, yawancinsu zuwa 1880. Shafin ba ya bincike da suna, sai ka zaɓi farish ka bi shafi-shafi. Shafukan Findmypast da Ancestry sun yi musu fihirisa, RootsIreland kuma yana da kwafe na kuɗi wanda a wasu gundumomi ya wuce 1880. Na birnin Dublin, Kerry da yammacin Cork suna irishgenealogy.ie. Fihirisa jagora ce kawai. Rubutun fada na gaggawa da tawadar da ta koɗe sun sa kurakurai sun yi yawa, saboda haka duk abin da ka samu ka buɗe hoton ka karanta da kanka.

Abu na farko da za ka duba shi ne shekarar da rajistar ta fara. A Dublin, Cork, Waterford da Galway akwai waɗanda suka faro tun ƙarni na 18. A karkarar gabas da kudu yawanci wajen 1820 ne. A Mayo, Donegal da sassan yamma, inda talauci ya fi tsanani kuma ƙaura ta fi yawa, wasu sai bayan 1850. In kakanka an haife shi a 1835 a farish ɗin da littafinsa ya fara a 1856, ba za ka sami baftismarsa ba komai naci. Wanda ka gani da sunansa a farish na kusa wani ne daban.

Da yawa da Latin aka rubuta su, amma kalmomin kaɗan ne kuma suna maimaituwa. Layi irin wannan za ka yi ta gani: Bapt. Jacobum f.l. Dionysii Sullivan et Honoriae Shea, Sp. Cornelius Shea et Brigida Sullivan. Ma'anarsa an yi wa James baftisma, ɗan halak na Denis Sullivan da Nora Shea, waɗanda suka tsaya masa Con Shea da Bridget Sullivan. Sunan yanka ake mayarwa Latin, sunan dangi ba a taɓa shi, uwa kuma da sunan gidan ubanta ake rubuta ta. Gulielmus shi ne William, Eugenius shi ne Owen, Thaddeus ko Timotheus shi ne Tadhg, Jeremias ko Demetrius kuma Darby ko Dermot.

Kada ka ɗauki baftismar kakanka kaɗai ka tafi. Ka kwashe ta dukan 'ya'yan wannan uba da wannan uwa, waɗanda galibi tazarar shekara biyu ke tsakaninsu, ka jera masu tsaya musu. A 'ya'yan farko yawanci 'yan'uwan uba da na uwa ne, wato ka sami tsarar sama ke nan ba tare da rajistarta ba. Auren iyayen ka neme shi shekara ɗaya ko biyu kafin ɗan fari, a farish ɗin amarya, kuma ka fara duba makonnin da ke gab da azumin Kirista, don lokacin aka fi ɗaura aure a karkara. In ka ga an rubuta in tertio et tertio a gefen aure, izini ne aka ba dangi, ma'auratan jikokin wa da ƙani ne. Daga 1908 kuma dokar coci ta sa a riƙa aika labarin aure zuwa farish ɗin da aka yi wa mutum baftisma, shi ya sa a littafin da ke hannun farish za ka iya ganin an rubuta auren Chicago a gefen baftismar 1885.

Katolika ba su cika rubuta jana'iza ba. Ga Angilikan, ka duba jerin da ɗakin karatu na cocinsu, RCB, a Dublin ya fitar, wanda ya nuna rajistar da ta ƙone da wadda ta tsira da inda take. Na Firesbiteriya yawanci suna PRONI ko a cocin kanta, kuma bisa jama'ar coci aka tsara su, iyali kan wuce cocin kusa su je ta nesa.

Sunaye

Harafin O da Mac da ke gaban suna sun riƙa faɗuwa suna dawowa. Iyali ɗaya Sullivan ne a 1860, O'Sullivan a 1911. Wasu sunayen fassara su aka yi, Mac Gabhann ya zama Smith a wani gida, McGowan a wani. Rubutu kuma bai tsaya ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. A sunan mata, Bridget ita ce Delia ko Biddy, Honora ita ce Nora ko Hannah, Margaret ita ce Peggy, Anne ita ce Nancy.

Akwai al'adar takwara da iyalai da yawa suka bi: ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, na uku sunan uba. 'Yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu ta wajen uba. Alama ce mai amfani, ba hujja ba. Ita ce kuma ta sa taunlan ɗaya yake cika da 'ya'yan wa da ƙani masu suna ɗaya da shekaru kusan ɗaya. In yaro ya rasu, sukan mayar da sunansa ga na bayansa, saboda haka Michael na 1868 da ka samu wataƙila ya mutu yana jariri, naka shi ne na 1872.

Kafin ka ce wannan ne, abu uku aƙalla su dace: sunan uba, sunan gidan uwa, da 'yan'uwa ko wuri. Sannan ka yi ƙoƙarin rusa zaɓinka da kanka. Ka neme shi a rajistar mutuwa, ta aure da ƙidayar 1901. In ka same shi yana noma a Kerry da 'ya'ya bakwai a lokacin da naka yake Boston, aiki ya koma baya. Bishiyoyin dangi da mutane ke sawa a intanet cike suke da wannan kuskure, kowa yana kwafe na wani.

Littattafan ƙasa

Tunda ƙidayoyin tsakiyar ƙarni babu su, kimanta ƙasa da Richard Griffith ya jagoranta ita ke maye gurbinsu. An buga ta gunduma bayan gunduma daga 1847 zuwa 1864, tana shafin Ask About Ireland kyauta tare da taswira. Kowane layi yana ba da lambar fili, sunan wanda ke riƙe da shi, wanda yake biya wa haya, ko gida ne da gona ko gona kaɗai, faɗinsa, da ƙimar harajinsa. Masu gida kawai ta lissafa, ba mata da yara. In mutum biyu sun yi suna ɗaya a taunlan, sukan ƙara sunan uban kowanne ko sana'arsa a cikin baka, wanda kyauta ce babba ga mai bincike. Ka fara sanin shekarar da aka buga ta gundumarka, domin wanda ya tafi a 1848 ba zai fito a littafin 1857 ba, sai dai danginsa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne littattafan gyara da suka biyo baya. Ofishin kimantawa ya ci gaba da bin kowane fili, in mai riƙe da shi ya sauya sai a soke sunansa a rubuta sabo da tawada mai wani launi, a sa shekarar a gefe da wannan launin. Da su za ka bi gona ɗaya daga uba zuwa gwauruwarsa zuwa ɗa. Kalmar Reps a gaban suna tana nuna mutumin ya rasu, magada ke riƙe. Hatimin L.A.P. yana nuna ɗan haya ya sayi gonar a ƙarƙashin dokokin filaye irin ta 1903. Na gundumomin Arewa suna shafin PRONI kyauta, na sauran suna ofishin kimantawa a Dublin, wanda yanzu yake ƙarƙashin Tailte Éireann.

Tsara ɗaya kafin Griffith akwai littattafan ushirin coci na 1823 zuwa 1837, harajin da kowane manomi ya biya wa cocin Angilikan ko da shi Bakatolike ne. Ba su ƙunshi birane da marasa gona ba, kuma da yawa da ekar Ailan suka auna, wadda ta kai eka 1.62 ta Ingila, saboda haka kada ka zaci gonar ta ƙaru in ka kwatanta da Griffith. Ga yawancin iyalan Katolika na karkara nan ne iyaka, tsakanin 1800 da 1830. Wanda ya wuce haka galibi danginsa masu ƙasa ne da suka bar sawu a ofishin rajistar cinikin filaye da ke aiki tun 1708, ko littattafan hayar maigidansu ne suka tsira.

Sauran ƙofofi

Taƙaitaccen jerin wasiyyoyi daga 1858 ya tsira ko da na asalin sun ƙone. Findmypast yana da rajistar ƙananan kotuna da ta lasisin kare, inda talakan da bai bar komai ba yake fitowa saboda saniyarsa ta shiga gonar maƙwabci. Takardun soja da na 'yan sandan RIC suna ma'adanar gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan, na waɗanda suka yi gwagwarmayar 1916 zuwa 1923 kuma suna ma'adanar soja ta Dublin.

In wanda kake nema fada ne ko sista da ya yi aiki a Najeriya, ƙungiyarsa ce ke riƙe da fayil ɗinsa: SMA a Cork, St Patrick a Kiltegan, St Louis da suka iso Kano a 1948 kuma tushensu a Ailan Monaghan ne. Sistoci sukan ɗauki sabon suna in sun shiga, saboda haka sai ka nemi sunan yanka daga ƙungiyar kafin ka je rajistar haihuwa.

Gwajin ƙwayar halitta yana taimakawa in takardu sun ƙi ba da wuri. Ka fara gwada mafi tsufa a gidan. 'Ya'yan wa da ƙani sukan haɗa kimanin santimogan 850 (ma'aunin ƙwayar halittar da mutum biyu suka haɗa), jikokin wa da ƙani wajen 230, tattaɓa-kunne wajen 75. Kason da kamfani ke cewa kai ɗan Ailan ne kashi kaza ba ya kai ka ƙauye. Ka duba waɗanda jininku ya haɗu, ka ga wane farish ne ke maimaituwa a bishiyoyinsu. A yankunan da aka daɗe ana auren juna, dangantaka takan nuna kusa fiye da yadda take.

Mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar nasaba, hoton da ya sauke daga intanet ba zai yi masa aiki ba. Wanda kakansa ko kakarsa aka haifa a tsibirin, har da Arewa, yana iya shiga rajistar waɗanda aka haifa a waje ta Ma'aikatar Harkokin Waje, amma sai ya kawo takardun haihuwa, aure da mutuwa na hukuma na tsara uku, na Ailan daga babban ofishin rajista da ke Roscommon ko daga GRONI. Tattaɓa-kunne ba ya samu, sai in uwarsa ko ubansa ya riga ya shiga wannan rajista kafin a haife shi.